Jiki ya fi kunne ji: bayani kan rawar mutum biyu ba da ido ba, da makamantanta a ƙasar Dogarawa

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayanin wata irin rawa ta mutum biyu wadda ba a tsara takunta tun da farko, kuma ake yin ta wani lokaci da idanu rufe, ko kuwa tsakanin makaho da mai gani. A Amurka da Turai an san ta da sunan Contact Improvisation. Mu a nan za mu kira ta rawar jingina, domin jingina jiki ga jikin abokin rawa shi ne tushenta.

Za mu fara da tarihinta da yadda take gudana, sa'an nan mu duba abin da ke riƙe jikin mutum idan ido ya daina aiki. Bayan haka za mu komo gida, watau ƙasar Dogarawa, wadda ke cikin gundumar Malbaza tun daga shekarar 2011 da aka cire Malbaza daga gundumar Birnin Ƙonni. Rawar jingina ba al'adar wannan yanki ba ce. Amma akwai ayyuka uku da kowa ya sani daga Galmi har Ƙonni da Illela, waɗanda ke tafiya bisa irin wannan sani na jiki: jagorancin makaho, da faɗuwa da baya a wasan gaɗa, da kokowa. Abin da muke son nunawa shi ne, amanar da ke tsakanin jikuna biyu aba ce da ake koyo, tana da ƙa'idojinta, kuma harshen Hausa ya riga ya tanadi kalmomin bayyana ta.

2. Asalin rawar jingina

Wanda ya fara wannan rawa shi ne Steve Paxton, wani ɗan rawa Ba'amurke da aka haifa a 1939 ya rasu a 2024. Ya yi aiki a ƙungiyar rawa ta Merce Cunningham a farkon shekarun 1960, kuma ya koyi aikido, wani wasan kare kai na ƙasar Japan wanda ke koyar da yadda ake faɗuwa a mirgina ba tare da jin ciwo ba. A watan Janairu na 1972, a kwalejin Oberlin ta jihar Ohio, ya shirya wani wasa mai suna Magnesium tare da ɗalibai maza, inda suke karo da juna, suna faɗuwa, suna tashi, daga ƙarshe kuma su tsaya cik na ƴan mintoci. A watan Yuni na wannan shekara ya nuna sabon salon a birnin New York, a zauren John Weber. Cikin waɗanda suka yi aiki da shi tun farko akwai Nancy Stark Smith, wadda ta daɗe tana jagorancin mujallar Contact Quarterly, ta rasu a 2020.

Tun da rawar ba ta dogara ga kwaikwayon abin da malami ya nuna a gaban madubi ba, ba a daɗe ba aka gane cewa makafi na iya shiga cikinta daidai da kowa. A 1986 Paxton da Anne Kilcoyne suka kafa ƙungiyar Touchdown Dance a Ingila, domin haɗa makafi da masu gani a fagen rawa ɗaya. Haka nan kuma rufe ido ya zama hanyar horo ga masu gani su kansu, domin a tilasta wa jiki ya saurari abin da ido ya saba danne masa.

3. Yadda ake yin ta

Mutum biyu ke haɗa wani sashe na jikinsu, kafaɗa da kafaɗa, ko baya da baya, ko goshi da goshi. Wannan mahaɗa ita ce jagorar rawar. Tana iya gangarawa daga kafaɗa zuwa gadon baya, daga nan zuwa ƙugu, amma ana ƙoƙari kada ta yanke. Babu wanda aka naɗa shugaba, babu kuma takun da aka haddace. Sau da yawa ma babu kiɗa.

Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne tsayuwa. Zai tsaya da idanu rufe, ya saki jiki, har ya fara jin ƴan ƙananan gyare-gyaren da idon sawu da gwiwa da ƙugu ke yi kowane lokaci don kada ya faɗi. Paxton ya kira wannan ƴar ƙaramar rawa. Abu na biyu shi ne faɗuwa: yadda za a kai ƙasa ta wuraren da ke da tsoka, a raba ƙarfin faɗuwar ta hanyar mirginawa, maimakon a tare ƙasa da tafin hannu ko gwiwa. Sai na uku, ba da nauyi da karɓar nauyi. Mai ba da nauyi yana zuba shi sannu-sannu, kamar mai tsiyaya ruwa daga tulu, domin abokinsa ya samu lokacin shirya ƙafafunsa. Mai karɓa kuwa ba ya ɗagawa da ƙarfin damtse. Yana sa ƙugunsa ƙasa da ƙugun abokinsa, ya bar ƙasusuwansa su kai nauyin har ƙasa. Da haka ne ƙaramin mutum ke iya ɗaukar wanda ya fi shi jiki.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mu riƙe, domin za mu sake komawa gare ta: ba a damƙe abokin rawa a hana shi hanyar sauka. Wanda aka ɗauka dole hannuwansa da ƙafafunsa su kasance a sake, domin in abu ya ɓaci ya iya ceton kansa. Ke nan kowa na ba da amana, amma kowa na riƙe da alhakin faɗuwarsa.

4. Abin da ke riƙe jiki in ido ya rufe

Masana aikin jiki sun nuna cewa tsayuwar mutum na dogara ga labari daga wurare uku. Akwai ido. Akwai can cikin kunne, inda wasu ƴan bututu uku masu ruwa da wasu ƴan jakunkuna biyu ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya ko ya karkata. Akwai kuma tsoka da gaɓoɓi da fatar tafin ƙafa, waɗanda ke ba da labarin inda kowane sashen jiki yake ko da ba a dube shi ba. Wannan shi ne abin da Charles Sherrington ya sa wa suna a 1906, kuma da Faransanci ake ce masa proprioception. Mai lafiya na iya tsayuwa da biyu daga cikin ukun. Shi ya sa likitoci, tun zamanin Moritz Romberg a ƙarni na 19, ke sa majinyaci ya haɗa ƙafafu ya rufe ido: in ya yi tangaɗi zai faɗi, to akwai matsala a ɗaya daga cikin biyun da suka rage.

Ko mai lafiya ma, in ya rufe ido, rangajin jikinsa na ƙaruwa. A 1994 John Jeka da James Lackner suka nuna cewa idan mutum ya ɗora kan yatsa ɗaya bisa wani abu tsayayye, da ƙarfin da bai kai nauyin giram 100 ba, rangajin na raguwa sosai. Wannan ɗan ƙarfi bai isa ya tallabe jiki ba. Abin da yatsa ke kawowa labari ne: yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa jiki ya fara karkata tun kafin karkatar ta yi nisa. A 1996 su da abokan aikinsu suka samu irin wannan sakamako da sanda, ga makafi da masu gani duka.

Abin lura a nan shi ne, taɓi na yin aiki iri biyu, ɗaukar nauyi da isar da labari, kuma ana iya raba su. Duk bayanin da zai biyo baya ya rataya ga wannan bambanci.

5. Ayyuka uku a ƙasar Dogarawa

5.1. Makaho da ɗan jagora

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Malbaza da Galmi ranar kasuwa ya ga wannan tafiya. Ɗan jagora, wanda sau da yawa yaro ne ko yarinya, yana gaba riƙe da kan sanda, makaho na baya riƙe da ɗaya kan. Ko kuma makaho ya dafa kafaɗar jagora. Wani lokaci makafi da dama ke jeruwa, kowa dafe da kafaɗar na gabansa, jagora ɗaya na jan su duka.

Idan muka duba da kyau, makaho ba ya jingina nauyinsa ga yaron. Babba ne, yaron ba zai iya ɗaukarsa ba. Abin da ke bin sanda labari ne tsantsa. In kan sanda ya yi ƙasa, akwai gangara ko rami. In ya yi sama, akwai tudu ko dakali. In ya karkata, za a kauce wa wani abu. In ya yi sanyi a hannu, jagora ya rage sauri. Kuma labarin na tafiya ta fuska biyu, domin shi ma jagora yana jin gajiya ko shakkar wanda yake ja ta yadda sanda ke ja masa hannu. Masu koyar da tafiyar makafi a makarantun zamani sun fi son makaho ya riƙe hannun jagora sama da gwiwar hannu, ya tsaya rabin taki a bayansa, amma dalilin ɗaya ne: jikin jagora ya riga ya hau ko ya sauka kafin ƙafar makaho ta kai wurin.

Bambancin wannan da rawar jingina a bayyane yake. A nan matsayi ba ya sauyawa. Ɗaya ke gani, shi ke zaɓen hanya, kuma kasadar duka na kan wanda ke baya.

5.2. Faɗuwa da baya a wasan gaɗa

Cikin wasannin da ƴan mata ke yi a dandali da dare, musamman lokacin farin wata, akwai wanda suke tsayawa kamar rabin da'ira suna tafi suna waƙa. Sai ɗaya ta fito, ta ba su baya, ta saki jiki ta faɗo musu. Su kuma su tare ta, su cilla ta gaba ta dira bisa ƙafafunta, wata ta karɓi fage. An san irin wannan wasa a ƙasar Hausa da wasu ƙasashen Sahel, ko da yake wasan dandali ya ja baya a garuruwa da yawa.

Idanun yarinyar a buɗe suke, amma ba su da amfani gare ta, domin abin da zai cece ta yana bayanta. Abin da ke gaya mata lokacin sakin jiki shi ne tafi da amshin waƙa. Masu tarewa ma da wannan bugun suke sanin lokacin da za su daina tafi su miƙa hannuwa. Ke nan kunne ne ya gaji aikin ido, kuma waƙar ita ce alkawarin da ke tsakaninsu. Akwai fasaha a ɓangarorin biyu. Mai faɗuwa in ta tsorata ta lanƙwashe ƙugu, sai ta zame ta zauna ƙasa. Dole ta miƙe jiki kamar itace, ta ba da nauyinta gaba ɗaya. Masu tarewa kuwa dole su bi nauyin ƙasa kaɗan kafin su mayar da shi, in ba haka ba ya buge su.

A nan nauyi na gaske ake bayarwa, kuma matsayi na zagayawa: wadda ta tare yanzu ita za ta faɗa an jima. Wannan zagayawa ce ke tsare amanar, domin wadda ta yi sakaci da ƴar'uwarta ta san layi zai zo kanta. Ta wannan fuska gaɗa ta fi kusa da rawar jingina. Inda suka rabu shi ne, gaɗa na da tsari sananne da bugu tsayayye, kuma jama'a ce ke tare mutum ɗaya.

5.3. Kokowa

Kokowa ita ce babban wasan ƙasar Nijar, kuma a Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. A ƙauyuka kuwa wasan kaka ne, bayan an kai amfanin gona gida. Idan ƴan kokowa biyu suka sarƙe, kai a sunkuye, kafaɗa cikin kafaɗa, abin da idanunsu ke gani bai wuce rairayi da ƙafafu ba. Ta hannu da ƙirji da wuya kowane ke karanta inda nauyin abokin karawarsa ya koma, yana jiran lokacin da zai taru bisa ƙafa ɗaya. Cewa ido ba shi ne jigo a irin wannan kamu ba, ana iya ganewa daga wasan judo na makafi, wanda ya shiga gasar naƙasassu ta duniya a Seoul a 1988: babban abin da aka sauya shi ne, ana fara wasa ƴan wasan na riƙe da juna.

Sanin da ɗan kokowa ke da shi iri ɗaya ne da na mai rawar jingina, sai dai manufa ta juya. Mai rawa na bayyana nauyinsa a fili domin abokinsa ya karanta. Ɗan kokowa na ɓoye nasa, har ya yi ƙarya da jiki, ya nuna zai tura alhali zai ja. Duk da haka akwai amana ko a nan, domin kowa ya yarda cewa da zarar an kai ƙasa an gama, kuma ba za a karya gaɓa da gangan ba.

6. Abin da harshe ya riga ya ajiye

Ian Ritchie, a wani nazari da ya fito a 1991 cikin littafin da David Howes ya tattara kan gaɓoɓin ji a al'adu dabam-dabam, ya jawo hankali ga cewa Hausa na raba hanyoyin sanin duniya gida biyu: gani da ji. Muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin zaƙi, muna jin zafi, muna jin tsoro, kuma muna jin Hausa. Faransanci na buƙatar aikatau dabam-dabam a nan, Hausa kuwa ɗaya ta ishe ta. Bisa wannan rabo, rawar da aka cire wa gani rawar ji ce gaba ɗayanta, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya karɓi cewa kafaɗa na iya saurare. Karin magana na cewa gani ya kori ji, amma wani na cewa jiki ya fi kunne ji, wani kuma jiki magayi.

Sa'an nan mu dubi kalmomin amana. Tsoho na dogara sanda, mumini na dogara ga Allah. Ana jingina tabarma ga bango, ana kuma jinginar da gona ga wanda ya ba da rance. Ana tallabar kan jariri, ana tallafa wa maraya. Uba na ɗaukar nauyin iyalinsa, wanda ya cika alkawari ya sauke nauyi, wanda ya cika roƙo ya ɗora wa mutane nauyi. Har ma ladabi da kunya da wannan kalma ake faɗinsu: muna jin nauyin surukai da malamai. A duk waɗannan misalai ma'anar jiki ce ta farko, ma'anar zamantakewa ta hau bisa kanta. Abin da rawar jingina ke yi shi ne mayar da waɗannan kalmomi ga ma'anarsu ta farko: mutum biyu na jin nauyin juna a zahiri.

Wannan na da amfani ga mai nazarin harshe da mai koyarwa duka. Wanda zai koyar da motsa jiki ga makafi da Hausa yana da kalmomin aiki a hannu: dafa, jingina, saki, tare, tallaba, mirgina, dira. Kowace na faɗin yawan nauyin da za a bayar. Dafa kaɗan ne, jingina ya fi shi, saki kuwa duka ne.

7. Kasada da iyakokinta

Kasada iri biyu ce a wannan fage. Ta farko ta jiki ce, kuma maganinta sananne ne: a koyi faɗuwa kafin a koyi ɗauka, a fara daga ƙasa kafin a miƙe, a samu wuri mai taushi, a kuma sa mai gani ɗaya ya tsare gefen fage. Rairayin fagen kokowa ya dace da wannan.

Ta biyu ta mutunci ce. Rawar jingina ta taso cikin jama'ar da ta ɗauki haɗa maza da mata jiki da jiki a matsayin ƴanci, kamar yadda Cynthia Novack ta bayyana a littafinta na 1990 kan tarihin rawar. A Dogarawa addini da al'ada sun shata wa taɓi iyaka, kuma ayyukan da muka duba sun bi wannan iyaka: gaɗa ta ƴan mata ce, kokowa ta maza. Duk wanda zai gwada wani abu makamancin wannan a nan, wannan rabo zai bi, kuma fasahar ba ta rasa komai da haka, tun da nauyi da taɓi ne kayan aikinta. Ko a Turai da Amurka ma, masu wannan rawa sun daɗe suna muhawara kan neman izini kafin taɓi, domin wanda ya rufe ido ya ba da kansa fiye da wanda ke kallo.

Akwai kuma tambayar da ta shafi makafi kai tsaye. Al'ummar Hausa ta ba su wuri sananne, da sarautar Sarkin Makafi, da suna a fagen murya da hadda. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Amma a fagen jiki matsayin da aka saba ba makaho shi ne na wanda ake ja. Alhali kuwa bisa abin da muka gani a sashe na 4 da na 5, mutumin da ya shekara yana karanta hanya ta kan sanda gwani ne a irin jin da masu gani ke rufe ido su nema. A fagen da ba a buƙatar ido, shi ya cancanci ya ja gaba. Batun ya shafi ɗan jagora ma, domin yaron da ya wuni riƙe da sanda bai wuni a makaranta ba. Duk abin da ya ƙara wa makaho ikon sarrafa jikinsa shi kaɗai ya rage wa yaron nauyi.

8. Kammalawa

Mun ga cewa taɓi na ɗaukar nauyi kuma yana isar da labari, kuma ayyukan nan huɗu sun bambanta bisa yadda suka haɗa biyun. Jagoranci labari ne ba nauyi, da matsayi tsayayye. Gaɗa nauyi ne cikakke, da matsayi mai zagayawa, bugu na tsare lokaci. Kokowa nauyi ne da ake ɓoyewa. Rawar jingina kuwa nauyi ne da ake bayyanawa, babu bugu, babu shugaba.

Muna ba ɗalibai masu neman batun bincike shawarar abubuwa biyu. Na farko, a tattara kalmomi da umarnin da ƴan jagora da makafi ke amfani da su a kasuwannin yankin Dogarawa da Ƙonni, tare da alamun da ke bin sanda ba da magana ba. Na biyu, a rubuta yadda manyan ƴan mata ke koya wa ƙanana faɗuwa da baya, da abin da ake ce wa wadda ta ji tsoro, da hukuncin wadda ta bari aka faɗi. Ya kamata a yi aikin nan tun matan da suka yi wasan a ƙuruciyarsu suna nan da ƙarfin nuna shi.